Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakuna da limaman Hausawan gabashin Sudan: a ajiye bindiga a ƙofar asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakuna da umdodi da shehunan unguwanni. Allah gafarta malamai, limamanmu na Juma'a, tun daga Gadarif da Kassala har Maiwurno da Sinja da Damazin. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga mahaifansa, ina kuma yi mana ta'aziyyar waɗanda muka rasa tun daga 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙin nan ya ɓarke, zuwa yau. Allah ya jiƙansu, ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Da gangan na rubuta wannan takarda da Hausa. Da hukuma nake nufi, da na yi ta da Larabci na kai ofis, a buga mata hatimi a jefa a durowa. Ku nake nufi, domin maganar ta cikin gida ce, kuma a ciki akwai wadda ba na so a ce bare ne ya riga mu faɗa.

Ni malamin jinya ne, mumarrid kamar yadda ake ce mana a nan. Na shekara 22 ina wannan aiki, yawancinsa kwanan dare. A Disambar 2023 na baro Madani da iyalina a bayan babbar mota, ranar da kowa ya baro ta, muka sauka Gadarif wajen dangi. Kwanakin baya sai Allah ya juya mini kujera, na koma mai jinya. Na kwana 11 a kan tabarma a gindin gadon mahaifiyata, a wani asibitin gwamnati da ba sai na kama sunansa ba. Abin da na gani daga kan tabarmar nan, ban taɓa ganinsa ba ina sanye da farar riga.

A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, babu wuta, an kuma kashe janareta don a tanadi mai saboda ɗakin tiyata. Na fito neman ruwan zafi sai ga mota ta tsaya a ƙofar hawadis, wato ɗakin da ake karɓar waɗanda aka kawo ranga-ranga. Aka sauko da wani saurayi jini ya jiƙa masa wando. Waɗanda suka rako shi sun kai takwas, huɗu a cikinsu da kalash a kafaɗa. Likita ɗaya ce a ɗakin, yarinya 'yar imtiyaz wadda ba ta daɗe da gama makaranta ba, tana kan wani tsoho da numfashinsa ke shirin ɗaukewa, wata ma'aikaciya na haska mata da fitilar waya. Ta ɗaga kai ta dubi saurayin, ta ce a danne wurin da ƙyalle, tana zuwa. Ai kuwa sai ɗaya daga cikinsu ya buga gindin bindiga a kan tebur, kwalabe suka tarwatse, ya finciko hannunta. Masu jinya suka fara jan yaransu zuwa ƙarƙashin gado.

Ranku ya daɗe, abin da ya hana ni barci har yau shi ne yaren da na ji suna yi a tsakaninsu. Hausa ce, irin wadda nake yi da 'ya'yana. Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na ce, "Kai, ɗan gidan wa ne kai?" Ya tsaya yana kallona. Na sake tambaya. Ya faɗi sunan mahaifinsa, sai ga shi mutumin da muke haɗuwa a sahu ne. Na ce ya saki hannun 'yar mutane ya fita da wannan ƙarfen waje, ni zan ɗaure wa ɗan'uwansa ƙafa da hannuna. Ya sunkuyar da kai ya fita, sauran suka bi shi. Harsashin ya ratsa tsoka ne ya fice bai taɓa jijiya ba. Kuma ba a fagen daga ya same shi ba, a gidan biki ne, wani abokin ango yana harbin murna. Tsohon nan kuwa bai kai asuba ba. Ba zan ce mintocin da aka ɓata ne suka kashe shi ba, rai na Allah ne, amma na san abin da minti biyar yake nufi ga mai irin wannan numfashi.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce, malam, ana ruwan wuta daga sama kana maganar ƙyauren ƙofa? Ban manta ba. A Janairun 2025 an kai hari Asibitin Saudiyya da ke Al-Fashir, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 70 suka mutu. A ƙarshen Oktoban shekarar, bayan garin ya faɗa hannun Da'ama, wato dakarun RSF da ke yaƙi da sojan Sudan, hukumar ta ce an kashe sama da mutum 460 a wannan asibitin, marasa lafiya da masu jinyarsu. Masu jinya, irina da tabarmata. Wannan ya fi ƙarfin sarkin Hausawa, ya fi ƙarfin limami, sai dai mu kai kuka ga Allah. To amma ku dubi yadda aka yi asarar wasu asibitocin a kudancin Khartum. A Asibitin Basha'ir, masu makamai ne suka riƙa shigowa da ƙafafunsu suna cewa sai an fara duba nasu. A Nuwambar 2024 aka harbe majinyaci a cikin asibitin, a Disamba aka buɗe wuta a ɗakin hawadis, a Janairun 2025 ƙungiyar likitocin MSF ta dakatar da aikinta a can. Kafin nan, a Yulin 2024, ta janye ma'aikatanta daga Asibitin Turkiyya saboda irin wannan cin zarafi. Wanda ya buga tebur yana ganin ɗan'uwansa yake ceto. Bayan wata biyu matarsa ce za ta zo da naƙuda ta tarar da kwaɗo a ƙofa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, mu kuwa namu har ya fara hayaƙi.

Tun da Madani ta faɗa hannun Da'ama aka raba makamai a garuruwanmu da sunan muƙawama, wato 'yan sa-kai masu mara wa soja baya, 'ya'yanmu da yawa suka shiga, wasu sun ba da rayukansu, ba kuma zan raina wannan ba. Sai dai bindigar da aka ɗauko don tsare gari ta saba da kafaɗa, yanzu tana zuwa kasuwa, tana zuwa biki, tana zuwa dubiya. Mai gadin asibiti dattijo ne da sanda, albashinsa ma sai an ga dama. Da wane baki zai ce wa mai kalash ya tsaya? Amma kun ga abin da tambaya ɗaya ta yi a daren nan, daga bakin wanda ba sarki ba, ba limami ba. Yaran nan har yanzu suna jin kunyar a ambaci sunan ubansu. Ranar da wannan kunyar ta ƙare ba mu da sauran abin riƙe su.

Dukan likita bai fara da yaƙin nan ba, kada mu ɗora wa yaƙi abin da ya tarar. A Oktoban 2016 likitocin Sudan sun yi yajin aiki a faɗin ƙasa, cikin manyan buƙatunsu har da a kare su daga masu kai musu hannu. A Mayun 2020, ana tsakiyar korona, bayan an far wa likitoci a Umdurman, gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar da dokar kare likitoci da ma'aikatan lafiya da gine-ginen asibiti, mai hukuncin ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 10. Doka tana nan a takarda. Abin da ke kashe ta, a gafarce ni, mu ne da judiyyarmu, wato sulhun da dattawa ke yi.

Nan ne zan ɗan daɗe, domin nan ne hannunku yake. Sulhu gadonmu ne, da shi muka zauna da maƙwabta tun zamanin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso bakin Kogin Nilu da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da judiyya ake raba manomi da makiyayi, da ita ake kashe wutar jini. Amma na sha gani da idona: an mari ma'aikaciyar jinya da daddare, kafin azahar manyan riguna sun cika ofishin shugaban asibiti. A ce yaro ne, a ce zafin zuciya ne, a ce uwarsa ce a kwance. A karanta Fatiha, a sha shayi, yarinyar ta sa hannu ta janye ƙara tana hawaye, don ba za ta iya kallon idon dattawa goma ta ce a'a ba. Wanda ya yi marin ya koma majalisa yana ba da labari. Ita kuwa ta fara neman hanyar Masar ko Saudiyya, inda dubban abokan aikinta suka riga ta. Sannan mu dawo muna kukan babu likita. Ranku ya daɗe, roƙona shi ne ku yi magana ɗaya a tsakaninku, a shelanta ta: duk wanda ya shiga asibiti da makami, ko ya ɗaga hannu kan ma'aikaci, ko aka kama shi da kayan asibiti, babu rawanin da zai bi shi ofishin 'yan sanda. In za a yi sulhu a yi shi bayan alƙali ya yi magana, kuma wadda aka zalunta ce za ta nema, ba a taso ta a gaba ba.

Sai maganar sata, wadda ita ba ta da ƙara kamar bindiga amma kullum tana nan. A kwana 11 ɗin nan an ɗauke waya biyar a ɗakinmu kaɗai, duk a wurin caji. Da can in an sace waya, waya aka sace. Yau kuɗin mutum gaba ɗaya yana cikin Bankak, manhajar banki ta waya, da shi zai sayi allura, da shi ɗansa da ke Jidda zai turo masa na gwajin jini. Na ga dattijo ya zauna a ƙasa yana kuka wiwi da asuba, an rubuta wa matarsa magani, ga kantin a buɗe, ba abin biya.

Wannan ɓarawon waje ne. Na cikin gida ya fi shi illa, kuma a nan ba zan kare abokan aikina ba, da ɗan gari akan ci gari. Maganin da ƙungiyoyin agaji suka kawo kyauta, an rubuta a jikin kwalin cewa ba na sayarwa ba ne, yaya aka yi yake kwana a teburin mai talla a bakin tasha? Wani ya buɗe sito, wani ya ɗauka a raksha, wani ya saya don ya ga araha. Na ukun nan sau da yawa mu ne. A Khartum da Madani kasuwannin kayan wawaso har suna suka samu, ana ce musu kasuwar Dagalo, da sunan shugaban Da'ama, kowa yana tsine musu, amma wanda ya sayi ruwan dirib na sata a Gadarif bai ga kamarsa da su ba. Bari in ba ku lissafin da na sani. Kwalara ta ɓarke mana a nan Gadarif a Satumbar 2023, ta sake dawowa ta Kassala a Agustan 2024. Babban mutum mai nauyin kilo 60 da ta kayar, yana buƙatar kusan lita 6 na ruwa ta jijiya cikin awa 3 na farko, jaka 12 ke nan ta rabin lita. Kwali ɗaya da ya fita ta ƙofar baya ran mutum ne sukutum. Haka batirin sola. Jinin da ake ajiyewa don masu haihuwa sai firji ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 6. Wanda ya kwance batiri ɗaya ya sayar, ya zubar da jinin da matasa suka yi layi suka bayar, shi kuwa a ransa ƙarfe ya ɗauka.

Allah gafarta malamai, wannan huɗubarku ce. Mun ji huɗuba kan riba, mun ji kan tsadar aure, ban taɓa jin wadda aka yi kan sayen maganin sata ba. Kuma kun fi ni sanin hadisin Abu Musa, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Kibiya ke nan, a kasuwa, cikin masu lafiya. Ina ga bindigar da ke zazzago harsashi 30, a ɗakin da ke da tukunyar iskar oksijin da jarirai? Kun kuma san tantin Rufaida a masallacin Madina, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Wurin jinya na farko a tarihinmu a cikin masallaci aka kafa shi. Ku faɗa wa yaranmu wannan da Hausa, a kan mumbari, Juma'a biyu ko uku a jere.

Akwai wata ɗabi'armu mai kyau da ta zama ƙofar ɓarna, ita ce dubiya. Mutum ɗaya a kwance, goma sha biyar a kansa da kwanuka da flas, wasu har su kwana. Ni ma dangina haka suka yi, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin wannan cincirindo kowa zai iya cewa shi ɗan'uwan mai gado na bakwai ne. Na ga wani da farar riga yana zagayawa yana karɓar kuɗin "ajiye jini", sai a rana ta uku aka gane ko shara ba ya yi a asibitin. In asibiti ya ce kati biyu ga kowane majinyaci, ɗaya na rana ɗaya na dare, dubiya kuma daga la'asar zuwa magariba, kada mu zama masu fara faɗa da mai gadi. In sarki ya zo dubiya da mutum biyu ya tafi kafin kiran salla, talaka ba zai zo da motar haya cike ba.

Mata kuma suna da nasu kukan da ba sa faɗa a gabanku. Ban-ɗakin yana can ƙarshen fili, babu fitila, hanyar ta ratsa inda maza ke kwance. Ƙanwata da muke karɓa-karɓa da ita ta daina shan ruwa daga la'asar don kada ta buƙaci fita. Fitilar sola guda huɗu da sakata a ƙofa sun isa, kuɗinsu bai kai na ragon suna ba. A ƙofar ɗakin haihuwa kuwa mace ya kamata ta zauna, dattijuwa wadda ta san fuskoki, kada jariri ya fita sai da uwarsa da takardar sallama.

Rabin faɗan da na raba a rayuwata rashin fahimta ne ya haddasa shi. Tsohuwa ta zo daga ƙauyukan Rahad ko Dindir, Larabcinta na cefane ne, ta ga an wuce da wanda ya zo bayanta, sai ta ce don ita Bahausa ce. Ɗanta ya ji, ido ya rufe. Ba wanda ya zauna ya gaya musu cewa a hawadis ba layi ake bi ba, wanda mutuwa ta fi kusa da shi ake fara ɗauka, kuma mai ihu da ƙarfi yawanci ya fi wanda ya yi shiru sauran kwana. Matasanmu da suka riƙe takaya suna dafa wa 'yan gudun hijira abinci wata da watanni ba da ko sisi ba, za su iya wannan ma. Mutum biyu kowane dare, a yi gayya unguwa-unguwa, su zauna a ƙofa da izinin asibiti, su yi tafinta, su nuna hanya, su raka mace da fitila, su lura da wurin caji. Sharaɗi ɗaya: hannu wofi, ko sanda ban yarda ba. In aka ba su makami mun ƙara wa asibitin wata runduna ce kawai.

Kada kuma a mai da ita ƙofar Hausawa. Ku gayyato shugabannin Shukriyya da Bani Amir da Hadandawa da Masalit da Nuba, duk wanda ke kwanciya a gadon nan. Mun ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, mun ga yadda fushinmu ya ci gine-gine a Kassala a wannan watan, mun san saurin da wuta ke yi in ta samu sunan ƙabila. Makami za a bincika a ƙofa, ba fuska ba. Yanzu da ake tsare mutane don an ga fuskarsu baƙuwa ce, mu da kakanninmu suka haƙa magudanan Jazira amma har gobe ana tambayarmu takardar zama ɗan ƙasa, bai kamata a same mu muna tambayar mara lafiya daga ina ya fito ba.

Abin da za ku ɗauka zuwa wurin Wali, wato gwamnan jiha, da kwamandan soja kaɗan ne, kuma ku ake buɗe wa ƙofar da ba a buɗe mana. A ba da umarni a rubuce, a manna a ƙofar kowane asibiti, cewa soja da ɗan muƙawama duk su ajiye makami kafin su shiga. A sa 'yan sandan soja da akwati mai makulli su karɓa su ba da lamba, don soja ba ya miƙa bindigarsa ga farar hula. Ɗan sandan da ke asibiti ya zama yana da aikin da ya wuce cike urnik 8, wato takardar 'yan sanda ta wanda aka ji wa rauni. A riƙa manna lissafin abin da ya shiga sito da abin da ya fita kowane mako inda kowa zai gani. A biya masu gadi haƙƙinsu, don mai yunwa ba ya tsaron kayan wani.

Mahaifiyata ta samu sauƙi, tana gida, tana gaishe ku. Likitar nan ta shigar da ƙara, ta kuma nemi a ɗauke ta daga aikin dare. Mahaifin yaron ya aiko mini sau biyu, yana so in shiga cikin dattawan da za su je ba ta haƙuri ta janye, tun da ni ne na shiga tsakani a daren. Mutumin kirki ne, muna sahu ɗaya, gobe ma da asuba zan gan shi. Na ce masa ya dakata mini sai na ji ta bakin sarki.

Wassalam.

Ɗanku,
wani malamin jinya a Gadarif